Farfesa Hadiza Galadanci Da Yaƙin Da Take Yi Da Zubar Jini Bayan Haihuwa

 A wannan mako ina so in kawo muku labarin wata 'yar'uwarmu, likita kuma malamar jami'a a Kano, watau Farfesa Hadiza Shehu Galadanci, da irin binciken da ta daɗe tana yi a kan abin da ke kashe mata wajen haihuwa. Amma kafin in shiga labarinta, bari in gaya muku abin da ya sa na ɗauko wannan magana.

Akwai wata yarinya a ajin da nake koyarwa, mai ƙoƙari ƙwarai, musamman wajen lissafi. Sai aka wayi gari ta daina zuwa makaranta, har mako biyu. Da na bi sawu na je gidansu, sai na tarar ashe rasuwa aka yi musu. Mahaifiyarta ce ta haihu a gida da hantsi, haihuwarta ta bakwai, ta sauka lafiya, an yanke cibiya, har an yi guɗa. Daga nan jini ya ɓalle. Matan gidan suka ce ai ba komai, dauɗar ciki ce ke fita, gara ta fita. Suna ta canja mata zane, wannan ya jiƙe a kawo wancan. Da ta fara cewa tana jin jiri, sai aka dama mata kunu. Da aka ga abin ya ƙi, sai aka aika kasuwa a kira maigidan, domin ba mai ikon fita da ita sai da izininsa. Kafin ya zo, kafin a sami mota, kafin a isa asibiti, la'asar ta yi. Can kuma aka ce a nemo wanda zai ba da jini. Ba ta kai magariba ba, Allah ya yi mata cikawa. Na iske ɗalibata goye da jaririn, tana dama masa madara. Har yanzu da nake wannan rubutu ba ta koma aji ba.

Mun yarda kowa da kwanansa, kuma ba mai tsallake ranarsa. Amma addininmu ya umurce mu da neman magani, kuma wannan ciwo yana da magani, mai araha ma kuwa. Abin da ya kashe wannan baiwar Allah shi ne abin da Farfesa Hadiza ta sa a gaba.

Girman al'amarin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 260,000 suka rasu a duniya saboda ciki da haihuwa. Daga cikinsu wajen 75,000 'yan Nijeriya ne. Watau in aka jera mata huɗu da suka rasu ta wannan hanya a ko'ina cikin duniya, to, za a sami ɗaya 'yar ƙasarmu ce, har da ɗoriya. Kuma cikin abubuwan da ke jawo wannan rashi, zubar jini bayan haihuwa yana sahun gaba. A shekarar 2023 Hukumar ta ce mata wajen miliyan 14 ne ke gamuwa da shi kowace shekara, kuma wajen 70,000 yake kashewa.

Mu nan Arewa abin ya fi yi mana nauyi, domin yawancinmu a gida muke haihuwa. Binciken lafiyar jama'a da gwamnati ta yi a shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwar da ake yi a ƙasar nan ake yi a asibiti, a jihohin arewa maso yamma kuwa bai wuce kashi 16 ba. Wannan bincike ya kuma nuna cewa a cikin masu ciki goma, shida suna da ƙarancin jini. To, mace ta shiga naƙuda da ɗan jinin da bai taka kara ya karya ba, sa'an nan ta zubar da shi a ɗaki inda ba allura ba ƙarin ruwa, ina labari?

Wace ce Farfesa Hadiza?

Farfesa Hadiza ta yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta gama a shekarar 1987. Ga 'yan makaranta da ba su sani ba, karatun likita shekara shida ne bayan an gama sakandare, sa'an nan a yi shekara guda ana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci kafin a sakar wa mutum mara. Wannan kuwa matakin farko ne kawai. Wanda yake so ya ƙware a fanni guda sai ya sake shiga wani horon na shekaru, yana aiki dare da rana yana kuma zana jarrabawa. Ita ta zaɓi fannin haihuwa da cututtukan mata, ta ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma, ta zama mace ta farko da aka horar a Kano har ta ƙware a wannan fanni. Ta kuma tafi Ingila, ta yi digiri na biyu a Landan a kan binciken lafiyar haihuwa. Daga baya babbar kwalejin likitocin mata ta Ingila ta sa ta cikin manyan 'ya'yanta.

Aikinta kashi uku ne. Na farko, duba marasa lafiya da karɓar haihuwa mai gardama da yin fiɗa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Na biyu, koyar da ɗaliban likita a Jami'ar Bayero, inda ta hau har ta kai matsayin farfesa. Na uku shi ne bincike, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Mutane da yawa suna zaton farfesa muƙami ne da ake naɗa mutum kamar sarauta. A gaskiya sai an sha wuya ake kai wa. Malamin jami'a sai ya binciko wani abu da ba a sani ba, ya rubuta shi, ya aika wa mujallar masana. Su kuma su ba waɗansu ƙwararru su tankaɗe su rairaye, in sun ga kuskure su maido masa, in sun gamsu a buga. Da yawan irin waɗannan rubuce-rubuce da ingancinsu ake auna shi kafin a ɗaga shi daga wannan mataki zuwa wancan. Farfesa Hadiza tana da irin waɗannan fiye da ɗari. Cikinsu akwai wanda aka buga a Ingila a shekarar 2007, inda ita da abokan aikinta suka bayyana halin da lafiyar masu haihuwa ke ciki a jihohin Arewa, suka nuna yadda ya yi nisa da abin da ya kamata.

A shekarar 2019 aka kafa wata cibiya a Jami'ar Bayero da taimakon Bankin Duniya, domin binciken lafiyar al'umma da horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka, aka kuma ɗora ta a kan shugabancinta. A shekarar 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa sunanta cikin mutum ɗari da suka fi tasiri a sha'anin lafiya a duniya.

Tushen abin daga Zariya

Jami'ar da ta yi karatu tana da tarihi a wannan fanni. Tsakanin shekarar 1976 da 1979, wani likita mutumin Jihar Ribas, Farfesa Kelsey Harrison, da abokan aikinsa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Zariya, ɗaya bayan ɗaya, ba su tsallake ko guda ba. Shekarun uwar, tsawonta, haihuwarta ta nawa, ta yi awo ko ba ta yi ba, ta yi makaranta ko ba ta yi ba, yadda ta ƙare da ita da jaririn, duk sun rubuta. Aka buga sakamakon a shekarar 1985.

Abin da suka gano ya kamata kowace mace ta sani. Mafi yawan waɗanda suka rasu matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abu ya ɓaci aka kwaso su aka kawo. Haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata ƙanana masu cikin fari, da kuma matan da suka yi haihuwa da yawa. Matan da suka yi makaranta kuwa sun fi zuwa awo, kuma sun fi tsira, su da 'ya'yansu. Saboda haka Farfesa Harrison ya dage a kan cewa ilimin 'ya'ya mata yana cikin manyan magungunan mutuwar haihuwa. Shekara biyu bayan fitowar wannan rahoto, watau 1987, aka yi babban taro a Nairobi ta ƙasar Kenya inda duniya ta ɗaura aniyar rage mutuwar mata wajen haihuwa. A wannan shekarar ce kuma Hadiza ta fito daga Zariya da takardar shaidar likita a hannunta.

Amfanin rubuta abu

Wani aiki da ta jagoranta a shekarar 2008 da 2009 ya bi irin wannan hanya. An ɗauki asibitoci goma a jihohin Kano da Kaduna, da taimakon ƙungiyar Rotary da waɗansu likitoci daga Jamus. Aka ce kowane asibiti ya riƙa rubuta duk haihuwar da ya karɓa da duk rasuwar da aka yi da dalilinta. Bayan 'yan watanni sai ma'aikatan su taru, a baje alƙaluman a gaban kowa, a tambayi juna: me ya sa wannan ta rasu, me ya kamata a yi da ba a yi ba, wane kayan aiki ne babu? Abin da aka ga babu, a yi ƙoƙari a samar. A farkon 2008, in an lissafa bisa haihuwa 100,000, mata 1,790 ke rasuwa a waɗannan asibitoci. Kafin ƙarshen 2009 abin ya sauko zuwa 940.

Ni malamar makaranta wannan bai ba ni mamaki ba. Malamar da ba ta kiran suna da safe ba za ta san yaron da ya daina zuwa ba, sai ranar jarrabawa. Haka asibitin da ba ya ƙirga matattunsa ba zai san inda yake yoyo ba.

Me ke sa jinin ya ɓalle?

Ga yadda likitoci suka bayyana abin. Muddin jariri yana ciki, ta mabiyiya yake samun abinci da iska, ita kuwa mabiyiya a manne take da bangon mahaifa, inda manyan jijiyoyin jini suke buɗe mata baki. In ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a cikin minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar an haihu mabiyiya ta saɓule, sai wurin ya zama kamar ɗanyen rauni mai faɗin tafin hannu. Hikimar Ubangiji ita ce nan take mahaifa takan dunƙule ta yi tauri, ta matse bakin jijiyoyin nan, jini ya tsaya. Shi ya sa mai jego takan ji wani ƙullutu mai tauri a ƙasan cibiyarta, da ciwon mara in tana ba da nono. Wannan alheri ne.

In mahaifa ta gaji ta kasa dunƙulewa, to, jijiyoyin suna nan a buɗe. Wannan shi ne sanadin mafi yawan zubar jini, wajen bakwai cikin goma. Yakan faru bayan doguwar naƙuda, ko haihuwar tagwaye, ko ƙaton jariri, ko ga wadda ta yi haihuwa da yawa. Amma fa yakan zo wa wadda ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan, saboda haka ba wadda za ta ce ta fi ƙarfinsa. Sauran dalilan su ne ƙari, watau yagewa wajen fitowar jariri, da saurar mabiyiya da ta maƙale a ciki, da kuma jinin da ya kasa daskarewa.

Ƙa'idar da likitoci suka daɗe a kai ita ce, in mace ta zubar da rabin lita cikin kwana ɗaya bayan haihuwa, to, ta shiga haɗari. Rabin lita kuwa shi ne cikin ledar ruwan nan da muke saya a bakin titi, guda ɗaya tak. In ya kai leda biyu, abin ya yi tsanani. Mace mai lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu in ba a tsayar da shi ba.

Matsalar ita ce ido ba mudu ba ne. Jinin haihuwa yana shiga zane, ya shiga katifa, ya zuba ƙasa, ya gauraya da ruwa. Ko ƙwararriyar nas in ta duba da ido takan rage lissafi. Sai a ɗauka kaɗan ne, har sai mace ta fara haki, idonta ya yi fari, sa'an nan a fara guje-guje.

Binciken da ya fito da sunanta

A nan ne babban aikin ya shigo, wanda ake kira E-MOTIVE. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya suka shirya shi tare da masana na ƙasashe huɗu, watau Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza ce ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. An zaɓi asibitoci 80, kusan rabinsu a ƙasar nan, aka bi haihuwar mata fiye da 210,000 daga shekarar 2021 zuwa 2023.

Dabarar iri biyu ce aka haɗa. Ta farko wata shimfiɗar leda ce da ake sa wa mace a ƙarƙashinta da zarar jariri ya fito. Tana da aljihu mai tsini a ƙasa kamar mazurari, an yi masa zane-zanen awo kamar na kwalbar shayar da jariri. Duk jinin da ya fito a aljihun yake taruwa, ungozomar asibiti tana dubawa kowane minti goma sha biyar. In ya kai rabin lita, ko kuwa ya kai mililita 300 ga kuma alamar jikin matar ya fara sauyawa, ba sauran gardama ko jiran wani ya zo ya gani.

Ta biyu ita ce yadda ake ba da magani. A da, sai a gwada wannan a jira, in bai yi ba a gwada wancan a sake jira, jini kuwa ba ya jira. A sabon tsarin duka ake yi a lokaci guda. A murza mahaifa ta kan ciki don ta dunƙule. A yi allurar oksitosin mai sa mahaifa ta matse. A yi allurar tiranekzamik asid mai hana gudan jini narkewa. A ɗaura ƙarin ruwa. A duba ko akwai ƙari ko saurar mabiyiya. In duk da haka bai tsaya ba, a kira babban likita ko a shiga ɗakin fiɗa. Domin kada a tsaya neman makullin kabad, an tara magungunan duka a akwati guda ko a kan ɗan keken turawa a ɗakin haihuwa, aka kuma riƙa yi wa ma'aikata atisaye har abin ya zauna musu.

Yaya aka san dabarar ce ta yi aiki, ba sa'a ba ce? 'Yan makaranta ku lura da wannan, domin shi ne zuciyar bincike. Ƙuri'a aka jefa, aka raba asibitocin gida biyu. Rabi suka ɗauki sabon tsari, rabi suka ci gaba da yadda suka saba. A kowane ɓangare ana tara jinin ana ɗora shi a kan sikeli, don kada a ce wani ya yi son kai wajen lissafi. Sa'an nan aka gwama.

A watan Mayu na shekarar 2023 aka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine ta Amurka, wadda ke cikin manyan mujallun likitoci na duniya. A asibitocin da suka bi tsohuwar hanya, cikin mata ɗari da jini ya ɓalle musu, 51 kawai aka gane. A masu sabon tsari an gane 93. Sa'an nan cikin kowace haihuwa dubu, mata 43 ne a tsohuwar hanya suka kai ga mummunan hali, watau zubar da lita guda ko fiye, ko fiɗa saboda jini, ko rasuwa. A sabon tsari 16 ne. An rage kashi 60 cikin ɗari ke nan. Kafin shekarar ta ƙare, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su riƙa auna jinin haihuwa, su kuma riƙa ba da magungunan a haɗe.

Abin lura a nan shi ne ba wani sabon magani aka ƙago ba. Oksitosin ta daɗe a asibitocinmu. Ita ma tiranekzamik asid tun a shekarar 2017 wani bincike da aka yi a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Nijeriya, ya nuna tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku in an yi ta kafin awa uku. Abin da ya rage shi ne a gane da wuri, a kuma yi da sauri.

To, mu mene ne namu?

Duk wannan alheri a ɗakin haihuwa na asibiti yake. Ledar awo ba za ta bi mace har ƙuryar ɗakinta ba. Saboda haka rabin aikin yana hannunmu da na mazanmu.

Na farko, awo. Da zarar kin tabbata kina da ciki, ki je a rubuta sunanki, kada ki bari sai ya tsufa. A can za a auna jininki, a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Ki sha su yadda aka ce, kada ki zuba a ƙarƙashin katifa don wai suna sa jariri ya yi ƙato. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki ci abin da ke ƙara jini gwargwadon hali: zogale, alayyafo, wake, hanta, kifi, ƙwai. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini ta fi jure abin da zai zuba.

Na biyu, shiri tun kafin ranar. Ki zauna da maigida tun ciki yana wata bakwai ku yanke magana: a wane asibiti za a haihu, wa zai kai ki in dare ne, nawa aka ajiye, su wa cikin dangi za su ba da jini in an bukata. Mafi muhimmanci, ki roƙe shi ya ba da izini tun yanzu, a gaban uwarsa ko wani babba a gidan, cewa in abu ya taso ba ya nan a fita da ke ba sai an jira shi ba. Na tabbata ba mijin kirki da zai ƙi wannan in an yi masa bayani cikin ladabi. Ku kuma iyayenmu surukai, ku ne masu faɗa a ji a ranar haihuwa, Allah ya ba ku ikon cewa a tafi.

Na uku, kunya. Mun taso an koya mana cewa mace ta gari ba ta raki, mai haihuwar fari ma ko sunan abin ba ta faɗi. Dauriya abu ne mai kyau, amma ba a yi wa jini kara. In kin ji yana zuba ki faɗa da babbar murya.

Na huɗu, in haihuwa ta zo a gida ba shiri, waɗanda ke wurin su san alamun haɗari. In jini ya jiƙa zane sharkaf cikin ɗan lokaci, ko yana fita guda-guda manya, ko mabiyiya ta wuce rabin awa ba ta faɗo ba, ko mai jego ta ce tana jin jiri, ko gumi mai sanyi ya karyo mata, ko zuciyarta na bugawa da sauri, to, a nemi mota nan take. Kafin mota ta zo a sa ta yi fitsari, a sa mata jariri a nono, a riƙa murza mata ƙasan cibiya har a ji mahaifa ta yi tauri, a kwantar da ita a ɗaga ƙafafunta, a rufe ta. Kada a ja cibiya da ƙarfi, kada a tsaya jiƙo ko hayaƙi, kada a sa ta wankan ruwan zafi a wannan hali. A tafi da zannuwan da suka jiƙe domin ma'aikata su ga yawan abin da ya zuba, a kuma tafi da mazan da za su iya ba da jini.

Akwai kuma wata ƙwaya mai suna misofurostol da ma'aikatan lafiya kan ba matan da ke nesa da asibiti, a sha bayan jariri ya fito don mahaifa ta matse. Ki tambaya a wurin awo. Amma a yi hattara ƙwarai, ba a shanta jariri yana ciki, domin tana iya fasa mahaifa. Kada a saya a kemis a sha da ka.

In kuwa a asibiti kika haihu, kada ki matsa a sallame ki da wuri don ɗokin gida. Awannin farko bayan haihuwa su ne masu haɗari. Kuma ba laifi ba ne 'yar rakiya ta tambayi nas cikin girmamawa ko an yi allurar tsayar da jini.

Gare ku 'yan makaranta

Sau da yawa nakan ji mata suna cewa ba za su je asibiti ba domin namiji ne zai duba su, mazan ma da yawa dalilinsu ke nan na hanawa. To, wa zai zama likita mace in an cire yarinya daga aji tun ba ta iya rubuta wasiƙa ba? Ba zai yiwu mu ƙi sa 'ya'yanmu mata a makaranta, sa'an nan mu je asibiti muna neman mace ta karɓi haihuwarmu ba.

Farfesa Hadiza a aji irin naku ta fara, da allo da alli da jadawalin sau. Wadda ke sha'awar wannan hanya ta riƙe lissafi da Turanci da darussan kimiyya da kyau tun daga yanzu. Kuma ba dole sai kowa ta zama farfesa ba. A binciken nan da na ba ku labari, waɗanda suka shimfiɗa ledar, suka duba awon, suka yi allurar da tsakar dare, yawancinsu nas-nas ne da ungozomomin asibiti. Akwai makarantun koyon wannan aiki a jihohinmu, kuma garuruwanmu da ƙauyukanmu suna matuƙar bukatarsu. Har masu ƙirga alƙaluman da rubuta su a kwamfuta, su ma da su aka yi.

Ina kira ga hukumomin lafiya na jihohinmu da su ga cewa wannan leda da waɗannan allurai sun isa kowane ɗakin haihuwa, har na karkara, kuma a samar da firji mai aiki, domin oksitosin tana lalacewa in ta sha zafi. Ina kira ga iyaye maza su bar matansu su je awo, su bar 'ya'yansu mata su yi karatu. Ni kuma a nawa ɓangaren na koma gidan su ɗalibata sau biyu, mun yi magana da mahaifinta da kakarta, sun ce in jaririn ya yi ƙwari za su duba. Ina roƙon ku taya ni addu'a ta dawo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa. Allah ya saka wa Farfesa Hadiza da abokan aikinta da alheri, ya ba mu irinta da yawa.